Grace Wiley: Matar da ta yi sabo da macizai har kumurci ya zama ajalinta

A yau za mu leƙa ƙasar Amurka, mu ɗauko muku tarihin wata mata mai suna Grace Olive Wiley, wadda ta yi suna ƙwarai a zamaninta saboda kiwon macizai masu mugun dafi da kuma ɗaukarsu da hannu tsirara, ba sanda ba safar hannu. Ta shafe fiye da shekara 20 tana wannan aiki, jaridu suna buga hotunanta, masu shirya fim suna hayar macizanta, har ranar Talata 20 ga watan Yuli na shekarar 1948, lokacin da wani kumurci ɗan ƙasar Indiya ya kama mata yatsa. Ba a cika awa biyu ba rai ya yi halinsa.

Mun zaɓi tarihinta ne domin ba jahila ba ce, kuma ba 'yar damfara ba ce. Mace ce mai ilmi, mai haƙuri, wadda ta san halin maciji fiye da yawancin mutanen zamaninta. Idan irin wannan gwana ta faɗa, to akwai abin da ya kamata sauran jama'a su tsaya su duba.

Haihuwa da karatu

An haifi Grace a shekarar 1883 a garin Chanute da ke jihar Kansas, a tsakiyar ƙasar Amurka, yanki ne na manoma da makiyaya. Ta yi karatu a Jami'ar Kansas inda ta sami digiri a fannin ilmin ƙwari, a lokacin da mata ƙalilan ne ke shiga irin wannan fage. Da ƙwari ta fara suna kafin macizai. A shekarar 1923 ta bayyana wa masana wani sabon nau'i na ƙwaron nan mai dogayen ƙafafu da ke tafiya a saman ruwa ba ya nutsewa, ta kuma raɗa masa suna don girmama Hungerford, wani malamin ilmin ƙwari na jami'ar tasu. Har yau da sunan da ta ba shi ake kiransa a littattafan masana.

Neman ƙwari ne ya kai ta dazuzzukan kudu maso yammacin Amurka, ƙasa mai zafi da duwatsu da ƙayoyi, kuma a can ne ta fara kama macizai tana nazarinsu, tana da shekara 30 da 'yan kai. Macijin da ya fara ɗauke mata hankali shi ne wanda za mu kira maciji mai caki. Dangin kasa da kububuwa ne, amma a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa. A ƙarshen wutsiyarsa akwai wasu busassun ɓawo da ke ƙaruwa duk lokacin da ya yi saɓa, idan ya ji barazana sai ya kaɗa su, su yi ƙara kamar cakin makaɗa. Dafinsa yana lalata nama da jini, kuma yana kisa.

Aiki a Minneapolis

A wannan shekara ta 1923 aka ɗauke ta aikin kula da gidan ajiyar halittu na babban ɗakin karatun birnin Minneapolis, a jihar Minnesota mai tsananin sanyi, can arewa wajen iyaka da Kanada. Aikin nata shi ne tsara abubuwan da ake nuna wa 'yan makaranta da masu ziyara. Amma sannu a hankali sai wurin ya cika da akwatunan macizai masu rai, da ƙadangaru da kunkuru, waɗanda ita da kanta take ciyarwa tana share musu makwanci.

A nan ne ta yi abin da ya ɗaga darajarta a idon masana. Ana lissafa ta a matsayin wadda ta fara samun nasarar sa macizai masu caki su hayayyafa a tsare, a hannun ɗan Adam. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin maciji mai dafi idan aka kulle shi sau da yawa yakan ƙi cin abinci har ya mutu, balle a yi zancen haihuwa. Irin wannan maciji ba ya yin ƙwai, 'ya'ya yake haifa kamar yadda kasa ke yi, kuma jariran suna fitowa da dafinsu. A shekarar 1929 ta wallafa bayanin abin da ta lura da shi a wata mujallar masana maganin dafi.

Dabararta da aƙidarta

Abin da ya bambanta Grace da sauran masu wannan aiki shi ne ra'ayinta. Ta yi imani cewa maciji ba mugu ba ne, tsoro ne ke sa shi sara, kuma idan aka cire masa tsoron mutum za a iya zama da shi lafiya. Saboda haka ta ƙi amfani da kayan aikin da kowa ke amfani da su a gidajen namun daji, wato sanda mai ƙugiya da dogon awartaki na kama maciji daga nesa. A ganinta waɗannan kaya suna firgita dabbar, suna ƙara mata faɗa.

Dabararta ita ce haƙuri. Idan aka kawo sabon maciji, sai ta bar shi ya huta, ta riƙa zama kusa da akwatinsa har ya saba da motsinta. Daga nan sai ta ɗauko wata sanda da ta naɗe kanta da abu mai laushi, ta riƙa shafa bayansa a hankali, yau da gobe, har ya daina kai sara. Idan ya kai wannan mataki sai ta ajiye sanda ta sa hannu. Da wannan hanya ta riƙe macizai masu caki, da kumurci iri-iri, wanda wasu ke kira gamsheƙa, har da sarkin kumurci na ƙasashen Asiya, macijin da ya fi kowane maciji mai dafi tsawo a duniya, wanda yake iya wuce mita 5. A shekarar 1937 ta rubuta wata maƙala a kan yadda take horar da shi.

Mu yi mata adalci, rabin maganarta gaskiya ce. Maciji ba ya farautar mutum. Dafinsa na kama ɓera da kwaɗo da tsuntsu ne, kuma yawancin macizai idan suka sami hanyar gudu za su gudu. Haka nan gaskiya ne maciji yana iya sabawa da taɓawa har ya rage kai sara. Grace ta taimaka wajen rage wa mutane ƙiyayyar da ke sa su kashe duk abin da ke jan ciki, alhali macizai da yawa ba su da dafi, kuma suna rage ɓerayen da ke cinye hatsi a rumbu.

Sauran rabin shi ne inda matsalar take. Sabon da maciji ke yi da mutum bai kai irin na kare ko doki da ubangidansa ba, iyakarsa ya daina ɗaukar hannun da ke taɓa shi a matsayin barazana, kuma wannan yana iya canzawa a kowace rana. Idan ya kusa yin saɓa idanunsa sukan yi hazo, ba ya gani sosai, sai ya yi saurin fusata. Idan yana jin yunwa kuma hannun mai shi yana warin ɓera, zai iya ɗaukar yatsa a matsayin abinci. Zafin rana, ko motsi na ba-zata, ko girgizar ƙasa daga takun baƙo, kowanne yana iya tayar da shi. Saransa kuwa ya fi janye hannun mutum sauri. Wanda ke ɗaukar maciji sau dubu yana bukatar ya dace sau dubu, shi kuwa macijin sau ɗaya ya ishe shi. Ita kanta Grace macizai sun sha saranta a tsawon rayuwarta, tana warkewa, kuma duk warkewa sai ta ƙara mata ƙarfin gwiwa.

Kora daga gidan namun daji

Wannan hali nata ya jawo saɓani tsakaninta da shugabanninta a Minneapolis, waɗanda ke tsoron abin da zai faru a wurin da yara ke shiga kullum. A shekarar 1933 ta bar can ta koma sabon gidan namun daji na Brookfield da ke gefen birnin Shikago, wanda aka buɗe wa jama'a a shekarar 1934. Ta tafi da dabbobinta masu jan ciki sama da 300, aka ba ta shugabancin sashensu. Ga mace a wancan zamani, wannan babban muƙami ne.

Zaman bai yi tsawo ba. Grace ta ci gaba da ɗaukar macizai da hannu duk da umurnin da aka ba ta, kuma ba ta cika tsananta rufe akwatuna ba. Cikin ɗan lokaci aka ƙirga macizai 19 da suka sulale daga inda aka ajiye su. Daga cikinsu akwai kumurcin Masar guda uku, wato irin kumurcin nan da ake samu tun daga Arewacin Afirka har zuwa ƙasashenmu na Sahel, wanda dafinsa ke tsayar da numfashi. Hukumar gidan ta ga ba za ta iya ci gaba da sa ran masu share wuri da masu ziyara cikin haɗari ba, sai ta sallame ta a shekarar 1935.

A nan akwai abin lura. Mai kiwon maciji yakan ce ransa ne, shi ya ga zai iya. Amma macijin da ya fita daga akwati bai san wanda ya yarda da haɗarin da wanda bai yarda ba. Maciji yana bi ta ramin da mutum ba zai taɓa zato ba, yana tura murfin da ba a danne ba, kuma idan ya fita wurin ɗumi da duhu yake nema, kamar ƙarƙashin gado, ko cikin takalmi, ko bayan buhuna.

Zama a Kalifoniya

Bayan korar, Grace ta kwashe dabbobinta ta nufi jihar Kalifoniya, ta zauna a yankin Long Beach, kusa da birnin Los Angeles. A can ta buɗe wurin nuna macizai na kanta a bakin hanya, mai son kallo ya biya santi 25, wato kashi ɗaya cikin huɗu na dalar Amurka guda. Ita da kanta take zagayawa da baƙi, tana fito da macizai tana yi musu bayani, har takan bar masu ziyara su taɓa su, ciki har da yara. Maƙwabta ba su ji daɗin zama kusa da irin wannan gida ba, ƙorafinsu ya sa ta sauya wuri, daga ƙarshe ta tare a wani ƙaramin gari mai suna Cypress.

Kusancinta da Holiwud, cibiyar shirya finafinan Amurka, ya buɗe mata wata ƙofar samun kuɗi. Masu shirya fim suna bukatar macizai na gaske da ba za su sari 'yan wasa ba, ita kuma tana da su. An yi amfani da dabbobinta a fim ɗin Moon Over Burma na shekarar 1940, da Jungle Book na 1942, da wasu finafinan Tarzan. Takan tsaya a wurin ɗaukar fim tana kula da su da kanta. Sunanta ya ƙara bazuwa, kuma duk hoton da aka buga nata da kumurci a wuya yana ƙara sa mutane su ɗauka cewa abin ba shi da wani haɗari idan mutum ya iya.

Ranar ƙarshe

A watan Yuli na 1948 wani marubuci ɗan jarida mai suna Daniel Mannix ya zo gidanta tare da matarsa domin su yi rubutu a kanta su kuma ɗauki hotuna. Shi ne daga baya ya ba da labarin abin da ya faru dalla-dalla. Bisa ga bayaninsa, ana son hoton kumurci ya miƙe ya fasa kai. To amma tsofaffin macizanta sun saba da ita har ba su cika fasa kai ba, domin kumurci ba ya fasa kai sai ya ji tsoro ko ya fusata. Saboda haka sai aka fito da wani sabo da bai daɗe da isowa daga Indiya ba, wanda bai riga ya bi ta matakan horon da muka bayyana ba. Grace kuma ta cire tabaraunta saboda hoto.

Tana da wata dabara da ta daɗe tana yi da kumurci, ta miƙa masa tafin hannu a shimfiɗe, domin fiƙoƙinsa gajeru ne, ba sa samun wurin kamawa a shimfiɗaɗɗen tafi. A wannan rana macijin ya kai sara ya sami yatsa, ya kama ya riƙe yana taunawa, kamar yadda kumurci ke yi don dafi ya shiga sosai. Grace ba ta yi ihu ba, ba ta kuma jefar da shi ba. Ta ɓamɓare bakinsa a hankali, ta mayar da shi akwatinsa ta rufe, sa'an nan ta nemi a kawo kayan taimakon gaggawa, a kuma kai ta asibiti.

A nan ne sakacin shekaru ya bayyana. Kayan gaggawar da ta ajiye sun tsufa, ba su yi wani amfani ba a ranar da aka bukace su. Aka garzaya da ita asibiti a Long Beach, sai aka tarar allurar kashe dafin da suke da ita ta macizan Amurka ce kawai, babu ta kumurci. Likitoci suka sa ta cikin wata na'urar ƙarfe mai taimaka wa numfashi, irin wadda ake sa masu cutar shan inna a wancan zamani, amma ba a dace ba. Ta mutu a ranar, ta haura shekara 60 da haihuwa.

Me ya sa ba a cece ta ba?

Dafin maciji iri-iri ne. Na kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da fitsari da tsohon rauni, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa, kuma yakan ɗauki kwanaki. Na kasa yana kumbura gaɓa ya ruɓar da nama. Na kumurcin Indiya da na Masar kuwa jijiyoyi yake bi, ya toshe saƙon da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Da farko fatar ido ta yi nauyi, sai harshe ya karye, haɗiyar miyau ta gagara, daga ƙarshe tsokar da ke jan numfashi ta tsaya. Idan dafin ya shiga da yawa, abin ba ya ɗaukar lokaci.

Abin takaici shi ne maganin yana nan a duniya tun kafin ranar da fiye da shekara 50. Wani likita Bafaranshe mai suna Albert Calmette, wanda ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Saigon a ƙasar Biyetnam ta yau, shi ne ya samar da allurar kashe dafi ta farko a tsakanin 1894 da 1895, kuma ta dafin kumurcin Asiya ce. Yadda ake yi shi ne a riƙa yi wa doki allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsa ya samar da garkuwa, sai a ɗebi jinin a tace. Daga baya wani likitan ƙasar Barazil mai suna Vital Brazil, wanda ya jagoranci cibiyar Butantan da aka kafa a 1901, ya tabbatar da cewa kowace allura tana aiki ne a kan dafin irin macizan da aka yi ta da su. Allurar maciji mai caki ba ta taɓa dafin kumurci. Grace ta san wannan sarai. Ta tara macizan Indiya da Afirka da Ostareliya a garin da asibitinsa bai tanadi maganinsu ba, kuma ba ta sabunta nata tanadin ba.

Bayan mutuwarta an yi ƙoƙarin a adana dabbobinta wuri ɗaya, abin bai yiwu ba, aka yi gwanjonsu. Kumurcin da ya kashe ta wani ya saye shi ya kai jihar Arizona yana nuna wa matafiya suna biyan kuɗi. A shekarar 2006 birnin Long Beach ya sa wa wani ƙaramin wurin shaƙatawa sunanta.

Ba ita kaɗai ba

Kada wani ya ce don ita mace ce, ko don ta ƙi amfani da sanda ne kawai. Shekara tara bayan mutuwarta, a ranar 25 ga Satumba 1957, aka kawo wa Karl Schmidt, ɗaya daga cikin manyan masana macizai na duniya, wani ƙaramin macijin bishiya ɗan Afirka a gidan ajiyar halittu na Field da ke Shikago, domin ya tantance irinsa. Macijin, wanda ake kira boomslang a Afirka ta Kudu, ya sare shi a babban yatsa. Schmidt ya ɗauka ɗan ƙaramin maciji ba zai iya kashe babban mutum ba, ya koma gida yana rubuta abin da yake ji a jikinsa awa bayan awa. Washegari ya mutu, jini ya tsinke masa a ciki. A 1975 wani masanin Bajamushe, Robert Mertens, ya mutu bayan wani macijin Afirka da yake kiwo ya sare shi. A 2001 kuma wani masanin Ba'amurke, Joseph Slowinski, ya sa hannu cikin jakar da aka ajiye maciji a dajin ƙasar Bama, aka sare shi, ya mutu nesa da asibiti. Dukansu gwanaye ne, kuma sanin da suka yi wa maciji shi ya rage musu tsoronsa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, a wannan fage kuwa har masu ilmi yana ɗaurewa.

Abin da ya shafe mu

Mu da ke cin kasuwannin kan iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya har Maigatari, mun san gardawa masu wasa da maciji, mun san yadda ake yi musu da'ira ranar kasuwa, yara a sahun gaba, ana sayen maganin da suke cewa yana hana sara ko yana karya dafi. Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai kallo ya sani. Na farko, a ƙasashe da dama masu irin wannan wasa sukan cire wa maciji fiƙa, amma fiƙar maciji tana sake fitowa, domin a halittarsa yana zubar da tsohuwa ya maye ta da sabuwa a tsawon rayuwarsa. Macijin da ba shi da haɗari a wannan wata yana iya zama mai kisa a wata mai zuwa. Na biyu, ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, sau da yawa yakan sari mutum bai saki komai ba, ko ya saki kaɗan. Wanda aka yi wa irin wannan sara zai warke ko ya sha magani ko bai sha ba, sai a ce magani ne ya yi aiki. Ranar da dafin ya shiga da gaske, asibiti ne kaɗai mafita.

Darasin asibitin Long Beach kuma ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, musamman masu harkar magunguna. Ba kowace kwalba da aka rubuta maganin dafin maciji a jikinta ce ke aiki a ƙasashenmu ba. A wani asibiti da ke garin Yeji a ƙasar Gana, likitoci sun ba da rahoto a shekarar 2008 cewa da aka sauya allurar da suka saba da ita da wata mai araha da aka yi a Indiya, yawan masu mutuwa bayan saran kububuwa ya tashi daga kusan kashi 2 cikin 100 zuwa kashi 12. Kububuwar Indiya daban, tamu daban. Shi ya sa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ta Nijeriya ya yi suna, saboda an gwada alluran da aka yi da dafin macizan yankinmu a can. Duk wanda ya shigo da allurar da ba ta dace ba don neman riba, ya sani da rayukan manoma da makiyaya yake ciniki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum tsakanin 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Yawancin waɗannan bayin Allah a gona ko a kiwo ko a kan tabarma cikin dare abin ya same su, ba su suka nemi macijin ba. Shawarar likitoci ita ce, idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓar tamau. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibiti ba tare da an tsaya gwajin magani ba. Idan kumurci mai tofi ya fesa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sa'an nan a nemi likita. Ko mataccen maciji kada a sa hannu kusa da bakinsa, domin kan da aka yanke yana iya sara.

Grace Wiley ta bar wa masana ilmi mai amfani, ta kuma nuna cewa maciji halitta ce da ba ta cancanci a kashe ta haka kawai ba. Amma ta kasa yarda cewa tausayin da take yi masa ba ya ramawa, kuma ta zauna shekaru da dabbobi masu kisa ba tare da maganin da zai cece ta ba. Wanda ba aikinsa ne tatsar dafi don haɗa magani ba, a wurin da aka tanadi kayan aiki da allura da likita, ba shi da dalilin ajiye maciji mai dafi a gida ko a rumfa, ko ya bar ɗansa ya taɓa na wani.

Allah Ya kare mu da iyalanmu daga sharrin abin ƙi, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili da tarihin wani.